Motar Lantarki A Garin Da Babu Wuta

Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, manya suke ta yi mana waƙar motar lantarki. Cikin Disamba 2023 har Shugaban Ƙasa ya je Maiduguri ya ƙaddamar da irinsu na haya. Madalla, mu ba mu ƙi ci gaba ba.

Amma muna tambaya, mutumin Garbadu a ina zai sa wa motar nan wuta? Cikin Oktoba 2024 Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ga madatsar Bakolori a gefenmu tun 1978, wadda manomanmu suka zubar da jini a kanta a 1980, amma har yau sai talaka ya biya mai janareta kafin ya yi cajin wayarsa.

Kuma ina za a ajiye ta? 'Yan bindiga sun kori mutanen ƙauye, ga su nan cunkushe a Talata Mafara da Bakura da Maradun, magidanci da iyalinsa duka a ɗaki guda na haya. Ko turken jaki babu.

Gwamnati ta kawo wuta, ta mayar da talakawa gonakinsu, sa'an nan a zo mana da zancen mota.