Ra'ayinmu: Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

A shekarar 1990 ne wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya rubuta burauza ta farko, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. Yau ga shi wannan manhaja ta zame wa ɗalibi aji da laburare, ta zame wa ma'aikaci ofis da gidan waya da banki. A cikinta ake rajistar darussa, a cikinta ake duba albashi, a cikinta kuma ake hira da abokai. Amma abin mamaki, da yawa daga cikinmu yadda suka same ta haka suke amfani da ita, ba su taɓa tsayawa sun kintsa ta ba ko sau ɗaya.

Ra'ayin wannan mujalla shi ne, duk mai asusu fiye da ɗaya a intanet ya wajaba ya raba musu mazauni. Bahaushe bai taɓa gina gida falan ɗaya ba. Akwai zaure inda baƙo ke tsayawa, akwai tsakar gida, akwai turaka, kowanne da wanda ya halatta ya shiga. To, me zai sa mutum ya zuba wasiƙun ofis da na makaranta da na dangi duk a ɗaki guda, sa'an nan ya bar ƙofa a buɗe?

Bari mu bayyana inda gizo ke saƙa. Idan mutum ya shiga wani shafi da sunansa da kalmar sirrinsa, shafin yakan ajiye wata 'yar shaida a cikin burauza, wadda ake kira kuki. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro ta a 1994. Da ita shafin ke gane mai shi duk sa'ad da ya dawo, ba tare da ya sake tambayarsa ko wane ne ba. Saboda haka duk wanda ya zauna a kujerar bayanka, in ba ka fita daga asusun ba, shafin zai karɓe shi da sunanka. Haka kuma wanda ya shiga asusun Google biyu ko uku a wuri ɗaya, na farkon da ya shiga shi ne ke zama jagora. Ta nan ne takardar ofis kan faɗa ma'ajiyar mutum ta kansa, ko wasiƙar neman aiki ta tafi da adireshin da aka buɗe don wasa.

Maganin abin kuwa yana nan cikin manhajar, ba a biyan ko kwabo. Chrome, wadda ta fito a 2008, ta ba da damar buɗe ɗakuna daban-daban, waɗanda ake kira furofayil, tun 2011. Kowane ɗaki da kukinsa, da tarihin shafukan da aka ziyarta, da kalmomin sirri, da alamomin shafuka. Edge ma tana da irin wannan, Safari kuwa ta samu nata a 2023. Firefox ta zo da wata dabara a 2017, inda ake ba shafuka launi daban-daban a taga guda, kowane launi da kukinsa, ko da yake tarihinsu a haɗe yake. Shawararmu ita ce ɗaki uku: na karatu ko na aiki, na harkar kuɗi, da na zumunci. A ba kowanne suna da launi, yadda ido zai gane inda yake kafin hannu ya aika abin da ba a iya dawo da shi.

Amfanin wannan bai tsaya ga tsaro ba. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri alhali sanarwar Facebook na faɗo masa kowane minti, ba karatu yake yi ba, ba kuma hira ba. A ɗakin karatu sai a kashe sanarwa, a jera shafin makaranta da na laburare da ƙamus a layin sama, a rufe duk shafin da aka gama da shi, domin kowane buɗaɗɗen shafi yana cin ƙarfin kwamfuta da batir.

Sai dai akwai gargaɗi uku da muke so a riƙe.

Na farko, waɗannan ɗakuna labule gare su, ba ƙyaure ba. Duk wanda ya samu kwamfutar a buɗe yana iya ratsawa daga wannan zuwa wancan, don haka kwamfutar kanta ce za a sa wa kalmar sirri, a kuma ƙara wa muhimman asusu tabbaci mai mataki biyu.

Na biyu, tagar sirri da mutane ke dogara da ita, abin da take yi shi ne share tarihi da kuki daga na'urar bayan an rufe ta. Ba ta ɓoye mutum daga kamfanin sadarwa, ko daga mai kula da layin ofis ko na makaranta. Tana da amfani a shagon intanet da kwamfutar laburare, inda bai kamata a taɓa yarda burauza ta adana kalmar sirri ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na uku, a yi hattara da 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza don ƙara mata aiki. Da yawansu suna neman izinin karanta duk abin da ke shafin da aka buɗe. Wata mai suna The Great Suspender, wadda mutane fiye da miliyan 2 ke amfani da ita, mai ita ya sayar da ita a 2020, ya zuwa Fabrairu 2021 Google ta cire ta saboda mugun abu da aka cusa a cikinta. Wanda bai san asalin manhaja ba, kada ya ba ta makullin gidansa.

Ga 'yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati, maganar ta wuce ta tsari, ta zama ta amana. Fayil ɗin da ke gabanku na talakawa ne: sunayensu, da lambobinsu, da rashin lafiyarsu. Tun 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa masu riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Ma'aikacin da ya haɗa asusun ofis da nasa na gida, har bayanan suka bi shi zuwa wayar da yara ke wasa da ita, ya yi sakaci da abin da ba nasa ba.

Muna kira ga kowane mai karatu ya ware rabin sa'a a wannan mako ya raba ɗakunansa, ya kori manhajojin da bai san da zamansu ba. Wanda kuma ya iya, ya koya wa na kusa da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.