Masai Ujiri bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba

Makon jiya wani uba ya tare ni bakin lakwal, ransa a ɓace. Ɗansa ya ce ya gaji da karatu, ƙwallon kwando zai yi, tunda Allah ya ba shi tsawo. Uban ya kwashe takalman yaron ya kulle a akwati. Ya ce: "Mushe, ka yi masa faɗa." Ban yi ba. Na zaunar da su biyun na ba su labarin wani ɗan Zariya.

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, uwarsa likita ce ƴar Kenya, ubansa ɗan Najeriya, amma a Zariya ya tashi. Can ya fara jefa ƙwallo a kwando yana ɗan shekara 13. Ya tafi Amurka ya yi karatu yana wasa a wata ƙaramar kwaleji ta Dakota ta Arewa, sannan ya yi wajen shekara shida yana buga wa ƙananan ƙungiyoyin Turai. Nan wasansa ya tsaya. NBA, wadda kowane yaro ke mafarki, ba ta kira shi ba.

A 2002 ya karɓi aikin nemo wa ƙungiyar Orlando ƴan wasa, ba albashi, kuɗin tafiya daga aljihunsa. Aikin shi ne kallon yara suna wasa, da rubuta rahoto, da shawo kan manya su yarda da abin da idonsa ya gani. Da wannan ya hau. A 2010 ya zama babban manajan Denver, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekarar, ya koma Toronto. A 2016 ya ɗauko Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27, lokacin da mutane kaɗan suka san shi. A 2018 ya rabu da DeMar DeRozan, wanda ƴan garin ke so kamar ɗansu, ya kawo Kawhi Leonard. An zage shi. A 2019 Toronto ta ɗauki kofi, karo na farko a tarihinta.

Ni a ganina uban da ɗan duka sun yi kuskure, amma laifinmu malamai ya fi. Uban yana ganin fili wurin lalacewa ne, alhali ba don filin Zariya ba, da Ujiri bai san harkar da ta ciyar da shi ba. Yaron kuma yana ganin tsawo ya isa, alhali abin da ya ɗaga Ujiri alƙalami ne da iya magana da lissafin kuɗi. Mu kuwa mun mai da awar wasanni abin cike gurbi. A jefa wa yara balo ɗaya, malam ya nemi inuwar bedi, in kuma jarabawa ta matso a ba mai lissafi awar.

Na san abin da za a ce: iyayensa masu ilimi ne, yana da hanyar fita waje, ɗan Tasawa ba shi da ita. Gaskiya ne, kuma ba na yi wa kowane yaro alkawarin Toronto. Amma wasa ko na unguwa ne yana bukatar alƙali, da mai rubuta maki, da mai riƙe kuɗin ƙungiya, da mai rubuta takardar neman fili wurin magajin gari. Duk wannan ana iya koya shi a lakwal ba tare da an sayi komai ba, kuma ƴan mata da guragu da gajeru duk suna da wuri a ciki.

Uban ya yarda ya fito da takalman, da sharaɗin yaron ya riƙa rubuta rahoton kowane wasa da Faransanci ya kawo mini ranar Litinin. Na farkon layi huɗu ne, kuskure tara.