Taswirar da Ta Kori Kurkunu

Kwanakin baya a nan Doha na buɗe famfo na cika kofi da ruwan teku wanda aka cire wa gishiri, garau da shi. Sai zuciyata ta koma kududdufin bayan garinmu, inda muke ture kainuwa da bayan ƙwarya mu ɗebo na sha. Mu da muka kwana biyu a duniya mun san abin da ruwan nan ya riƙa jawo mana, wato kurkunu.

Shekara guda bayan an sha, daidai lokacin da damina ta kankama, sai ƙafa ta yi bororo mai raɗaɗi kamar wuta. Magidanci ya zauna a zaure yana naɗe tsutsar a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan, har makonni, ciyawa kuwa tana cinye masa gona. In ya tsoma ƙafar a kududdufi don ya ji sanyi, tsutsar ta amayo 'ya'yanta, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye, mu kuma mu sha.

Jikokinmu ko sunan ciwon ba su sani ba, alhamdulillahi. Sai dai mu ma mun fara mantawa da yadda aka rabu da shi, alhali ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani.

A 1988 aka fara bin Najeriya ƙauye-ƙauye, ana sallama a ƙofar dagaci, ana ƙirga masu ciwon. Aka samu mutum sama da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000, babu ƙasar da ta kai mu. Kowane ƙauye aka ɗiga masa alama a taswira. Ita ta nuna inda za a kai ƙyallen tace ruwa, da kududdufin da za a zuba wa magani, da garin da ya fi buƙatar rijiyar burtsatse. Cibiyar Carter ta tsaya tsayin daka, Janar Yakubu Gowon ya riƙa taka ƙafa har ƙauyukan. A 2008 aka ga mai ciwon na ƙarshe, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu.

Yau taswirar tana cikin wayar hannu, tauraron ɗan'adam yana hango kowane tafki. Amma na'ura ba ta san yaron da ke fitsarin jini ba sai mun faɗa. Tsargiya tana nan a garuruwanmu na noman rani, dodon-koɗi na rainon ta a magudanan ruwa, mu kuma muna ɗaukar ta abin da yaro kan yi ya wuce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ma'aikatan lafiya suka zo makarantar yaranmu da 'yan kwalabensu, mu karɓe su hannu biyu, mu nuna musu inda yaran ke iyo, a sa garinmu a taswira.