Darussan Jami'a Kyauta: Yaya Za Su Isa Anka, Gummi da Bukkuyum?

A farkon shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ga shi kuma a cikin gida ake daka su, a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna. Yara fiye da 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega.

Abin takaici shi ne, illar dalma ba sabon ilmi ba ne. An daɗe ana koyar da shi a jami'o'i. Jiki yakan ɗauki dalma tamkar sinadarin kalshiyam, wanda ƙashi da jijiyoyi ke buƙata, sai ta shige ƙwaƙwalwa ta ɓata aikinta, ta kuma hana jiki haɗa jan jini yadda ya kamata. Hanjin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na hanjin babba, ga shi kuma yaro ba ya rabuwa da kai hannu baki. Wannan bayani bai fi shafi guda ba, amma yana kulle a ɗakunan lacca, nesa da uwar da ke shanya hatsi kusa da turmin dakan dutse.

A ƙa'ida, yanzu an cire kwaɗon. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta zuba darussanta a intanet kyauta, kuma ta zuba fiye da 2,000. A gida Nijeriya, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ita ma ta sanya littattafan darussanta inda kowa zai iya saukewa, ko ɗalibinta ne ko ba ɗalibinta ba. Wannan abin yabo ne, ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda malamin zaure bai taɓa tambayar mai neman karatu kuɗin shiga ba.

Sai dai buɗe ƙofa daban, isa bakinta daban. Ɗalibin sakandare a Gummi yana buƙatar waya mai kyau, da kuɗin data, da wurin caji, da sabis mai ƙarfi, kafin ya ga shafi ɗaya. Ba a manta ba kuma, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka yi makonni babu sabis. Ilmin da ke zaune a intanet kaɗai, ranar da aka kashe layi ya tafi. Idan ma an sauke darasin, da Turancin jami'a aka rubuta shi, misalansa kuma na wata ƙasa ne.

Saboda haka nauyin ya dawo kan malamai. Malamin ilmin halittu guda ɗaya da ya shiga Gusau ko Sakkwato zai iya sauke darussan shekara ɗaya a katin waya, ya tura wa abokan aikinsa ba tare da data ba, a buga muhimman shafuka a manna a allon sanarwa. Wanda ke koyarwa a Gummi, inda fadama da ruwa suka wadata, ya fara da rayuwar tsutsar tsargiya da katantanwar da ke ɗauke da ita. Na Anka da Bukkuyum ya fara da dalma. Galibin waɗannan darussa an sake su ne da izinin a kwafa, wasu ma har a fassara, matuƙar an ambaci masu su kuma ba a sayar ba. Wajibi ne dai a duba sharaɗin kowanne tukuna.

Babban laifin kuwa na jami'o'in kusa ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta 1975, da Jami'ar Tarayya ta Gusau ta 2013, da Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, suna da masana kimiyya da masana Hausa, sau da yawa ofisoshinsu na kallon juna. Al'adar nan ta sayar wa ɗalibai takardun lacca, wadda ta zama ruwan dare a manyan makarantu, ita ce ke sa wasu malamai ƙyashin sakin abin da suka rubuta, alhali da kuɗin jama'a aka horar da su. Nana Asma'u ta mayar da ilmi cikin Hausa da Fulatanci ta aika da shi ƙauyuka ta hannun jajis tun ƙarni na 19, ba ta jira matan karkara su koyi Larabci ba. Abin da ake nema ga kowane sashen kimiyya bai kai wannan wahala ba: darussa goma na shekarar farko, cikin Hausa mai sauƙi, a rubuce da kuma a murya don waɗanda ba su karatun boko, a raba wa makarantun sakandare na yammacin jihar kafin zangon karatu mai zuwa.