A bar wa gindin itace ganyensa

A bayan gidan da nake haya a jihar Ohayo ta Amurka, ciyawa ta ƙi fitowa gindin wata itaciya. Maƙwabta suka ce in sassare rassan. Na ƙi, na dasa fuloks na daji, ɗan asalin kurmin gabashin ƙasar, mai son inuwa.

Tsayinsa kamar santimita 30 ne. A Afrilu da Mayu yake fure, shuɗi-shuɗi mai kunnuwa biyar, ga ƙamshi, malam-buɗe-littafi na ta sauka. Ƙasa mai laima yake so, wadda ruɓaɓɓen ganye ya ƙosar. Shi ya sa nake jin takaicin masu share ganye tas da kaka: abincinsa suke zubarwa.

Reshen da ya kwanta ƙasa yakan yi saiwa, sai a raba a dasa. Zomaye na cinsa, na kewaye nawa da waya.