Sanarwar Bayan Taro Kan Gano Ƙarancin Gishirin Jini Ga Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa

Likitoci, ma'aikatan jinya da masu gwajin jini da ke aiki a ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango sun zauna a garin Daura, inda suka tattauna kan ƙarancin sinadarin sodiyam, wato gishirin jini, a jinin masu fama da sanƙarau, tarin fukan da ya hau ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki, ko buguwar kai a haɗarin babur.

Taron ya lura cewa alamomin ƙarancin, wato amai, ciwon kai, rikicewar tunani, jijjiga da doguwar suma, su ne dai alamomin ciwon da ya kawo majinyacin tun farko, saboda haka ido kaɗai ba ya gano matsalar. Mahalarta sun daɗe a kan musabbabai biyu da ke kama da juna a takardar gwaji: a ɗaya, jiki ne ke riƙe ruwa fiye da kima har ya tsarma gishirin, a ɗayan, ƙoda ce ke zubar da gishiri da ruwa cikin fitsari, majinyaci ya bushe. Na farko rage masa ruwa ake yi, na biyu kuwa ƙara masa ruwan gishiri, kuma musanya su na iya zama ajali. Bayan haka taron ya zartar da cewa:

1. A auna sodiyam ga duk wanda aka kwantar da ciwon ƙwaƙwalwa, a riƙa maimaitawa. Abin da ya gaza milimol 135 a lita ƙaranci ne. Ƙasa da 125 kuwa lamarin ya yi tsanani.

2. Kafin a yanke hukunci, a auna gishirin fitsari da yawan fitsarin da ake yi a yini, a duba bugun zuciya da awon jini, a kuma tambayi magungunan da majinyaci ke sha, musamman Carbamazepine na masu farfaɗiya.

3. Kada gyaran sodiyam ɗin ya haura milimol 10 a lita cikin sa'o'i 24, domin gaggawa na lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

4. Wanda lamarinsa ya fi ƙarfin asibitin karkara a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da sakamakon gwaje-gwajensa.

5. Taron na kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta wadata asibitoci da na'urorin awon gishirin jini kafin bazara, lokacin da sanƙarau ke tsananta.

6. Taron na roƙon Majalisar Masarautar Daura ta umarci hakimai, dagatai da limamai su faɗakar da jama'a cewa majinyacin da hankalinsa ya gushe a gaggauta kai shi asibiti, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo a gida.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro