Ra'ayinmu: A bar kunne a buɗe bisa hanya

Duk wanda ya bi hanyar tasha ko ta babbar kasuwar Agadas da hantsi ya san abin da muke nufi. Ɗan kabu-kabu ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraro, salula tana aljihu, mai mota na ta danna masa oda a baya, shi kuwa ko gezau. Wanda ya ɗauko ne ke ta salati.

Ba mu ce a raba matasa da kiɗa ba. Yankin da ya haifi Bombino ba a hana ɗansa jin gita. Amma wanda ya ɗauki ran wani bisa babur, wajibi ne ya ji abin da ke tafe bayansa.

Masu ƙera kayan sauti sun daɗe da lura da wannan. A 2017 kamfanin Bose na Amurka ya fito da lasifikar da ake ratayawa a wuya, a 2019 kuma ya sa ƙananan lasifikoki cikin hannuwan tabarau. Dabarar ita ce a jera su yadda sautin zai nufi kunnen mai shi, wanda zai watsu gefe kuwa ya riƙa kashe juna. Kunne na buɗe: ana jin labarai, ana jin oda, ana jin kiran salla, maƙwabci bai damu ba. Sai dai kuɗin tabaran a lokacin ya haura jika 100, kuma cikin hayaniya da iska sai an ƙara murya, daga nan na kusa ma ya ji. Na kwaikwayo da kan biyo bayan irin waɗannan kaya, sau da yawa suna kawai suka ara.

Akwai kuma batun lafiya. A 2015 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce matasa miliyar 1 da miliyan 100 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi. Mu da muke yini da abin sauraro a kai cikin ɗakin watsa shirye-shirye mun san ƙugin da kunne ke yi da dare.

Don haka muna kira ga shugabannin ƴan kabu-kabu da hukumomin birni su zauna su tsai da doka, kada wanda ya tuƙa da kunne biyu a toshe. Ƴan sanda su fara da gargaɗi kafin tara. Gidajen radiyo kuma su ba da fili a yi bayani da Hausa da Tamajak da Tubanci, tun da mafi yawan abin da yaran nan ke saurare daga wajenmu yake fita.